Matar da ke Cikin Darasin Dokta

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Zafi yau ba a magana. Fankar ajinmu tana ta juyawa, amma iskar da take kawowa kamar daga bakin murhu.

Dokta Mainasara ya shiga sabon babi a darasin sulhu: rikicin wurin aiki, da yadda babba ke muzguna wa na ƙasa da shi. Ya ce mun gaji da misalan ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, yau ya kawo mana na cikin garin nan, ya cire sunaye. Wani asibitin haihuwa ne mai zaman kansa. Akwai Metiron, wato shugabar nas-nas, akwai wata ƙaramar nas da ba ta cika shekara da fara aiki ba. Ana yi mata tsawa a gaban masu awon ciki. Ana canza mata duti ba a gaya mata ba. An hana sauran zama cin abinci da ita, wai za ta koya musu lalaci. Ranar da ɗanta ya kwanta da zazzaɓi ta roƙi a bar ta ta tashi da wuri, aka ce ta tafi, amma kada ta dawo.

Ina ta rubutawa kamar kowa. Asibitin haihuwa ai ba ɗaya ba ne a Daura.

Sai ya karanta maganar da shugabar ke yawan faɗa wa yarinyar. Ajin ya ɗauki "Kai!" Wasu suka yi dariya.

Ba zan rubuta ta a nan ba. Birona ya faɗi, na daɗe ina nemansa a ƙarƙashin benci.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Umma ta dawo daga asibiti, ta rataye farar rigarta, ta ce, "Ke, kin ci abinci?" Na ce na ci. Ban ci ba.

Ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. Kakata Inna ce ta raine ni a Baure, sai da na samu jami'a na dawo gidan nan. A makaranta kowa 'yar Baure ya sani. Ban taɓa musawa ba, ban kuma taɓa taka asibitinsu ba.

Asibitin haihuwa ba ɗaya ba ne a Daura.

Laraba, 8 ga Mayu, da azahar

Dokta ya ce za mu gwada zaman sulhu a aji. Hafizu, shugaban ajinmu, shi ne mai shiga tsakani. Ƙawata Sadiya ta ɗaga hannu ta ce ita ce ƙaramar nas. Babu wanda ya yarda ya zama shugabar. Dokta ya duba ya ce, "Siddiƙa, ke ba ki cika magana ba. Zo mu gani."

Na yi niyyar in lalata abin. Wallahi na yi niyya. Amma da na zauna a kujerar, Sadiya ta fara kame-kamen bayani, sai na ga hannuna ya tashi ya cire gilashin da babu shi a fuskata. Na naɗe shi a hankali, na ajiye a tebur, na dube ta tun daga takalmi har ɗankwali. Ban ɗaga murya ba. Ita ma ba kullum take ɗagawa ba. Na ce, "Kin gama? To ki sani, da ke da babu, gara babu."

Ajin ya ɓarke da tafi. Hafizu ya manta tambayoyin da aka koya mana, ya yi ta juya takarda. Dokta ya ce, "Kun gani? Ta shiga ran wadda ake ƙara. Mai sulhu da bai iya wannan ba, alƙali ne kawai."

Sadiya kuka take yi. Kowa ya ɗauka cikin wasan ne.

Da muka fito ta ja ni gindin darbejiya ta ce, "Yayata ce, Siddiƙa. Yaya Raihana. Ni na kai wa Dokta labarin, da izininta." Ta share hanci. "Har cire gilashin nan. Ban gaya wa kowa wannan ba. Kamar kin san matar."

Na ce, "Ina zan san ta?"

Alhamis, 9 ga Mayu, da safe

Ina zan san ta.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Umma ta yi dambun zogale, ta san ina so. Ta ajiye mini a ƙofar ɗaki ba ta ce komai ba. Haka take. Matar maƙwabcinmu Malam Badaru ta leƙo da jaririyarta, wadda Umma ta karɓi haihuwarta bara da aka fitar da rai. Ta ce, "Hajiya, ga 'yarki ta fara tsayuwa." Umma ta ɗauke ta tana yi mata wasa, har da rawa.

Na tsaya ina kallonsu daga bakin madafa. Na rasa wace zan yarda da ita, wannan ko ta cikin takardar Dokta.

Litinin, 13 ga Mayu, da azahar

Abin ya wuce wasa. Mai asibitin ya san Dokta, ya roƙe shi ya zauna da su biyun, Metiron da Raihana, ranar Alhamis, a nan makaranta, inda ba gidan kowa ba ne. Dukansu sun amince ɗalibai biyu su zauna a gefe su koya, ba magana, ba rubuta suna. Dokta ya zaɓi Hafizu. Ya zaɓe ni.

Kafin nan ya cika allo da ƙa'idoji. Ta farko ya ja mata layi biyu: wanda yake da alaƙa da ɗaya daga cikin masu rikici, na jini ko na aure ko na abota, ya faɗa ya janye. Ya ce, "Shi ya sa Sadiya ba za ta shiga ba. Akwai wani?"

Ya duba ajin. Ya dube ni, ya yi murmushi.

Na rubuta ƙa'idar da kyakkyawan rubutu. Ni ma na ja mata layi biyu.

Gobe zan je ofishinsa.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Ban je ba. Sadiya ce ta ce in raka ta gida in karɓi littafina, can bayan Kusugu. Ban yi tunanin yayarta tana nan ba. Ko na yi. Ban sani ba.

Doguwa ce, siririya, idanunta sun faɗa. Mijinta yana aiki a Mashi, shi ya sa take zaune gidansu da ɗanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura da kanta. Sadiya ta ce, "Yaya, wannan ce za ta zauna ranar Alhamis. Ita ce ta yi Metiron a aji." Raihana ta yi dariya ta ce, "Ashe zan ga fuskar da na sani. Hankalina ya ɗan kwanta."

Sai ta yi ta magana, ni kuma ina riƙe da ludayi. Ta ce a makarantar jinya ita ake kira idan an rasa jijiyar yaro. Yanzu in Metiron tana ɗakin, ko babba ba ta iya sa wa ƙarin ruwa. Ta ce ta yi kuskure sau ɗaya a farkon zuwanta, ta rubuta awon jini a katin wata ba mai shi ba, aka gano kafin a yi komai. Tun ranar ba ta sake zama mutum ba.

Ta ce, "Abin da ya fi ci mini rai, babu wanda ya kai ta iya aiki a garin nan. Saboda ita na nemi asibitin. Na so in zama irinta."

Na sha furar har ƙasa. Na ce Allah ya kawo mafita. Ta raka ni har zaure ta ce, "Ki gaida mutanen gida."

Na ce za su ji.

Laraba, 15 ga Mayu, da hantsi

Na je ofishin Dokta. Akwai layin 'yan aji huɗu masu kai masa aikin bincike. Na tsaya, na tsaya, da aka kusa zuwa kaina na ce wa na bayana ya wuce.

In na faɗa, Sadiya za ta ji. Ajin da ya yi mini tafi zai san inda na koyo. Za a riƙa nuna ni ana cewa 'yar matar nan ce. Kuma akwai wani abu da nake jin nauyin rubutawa: ina so in gani. Ina so in ji abin da za ta ce idan an tambaye ta, tunda ni ban taɓa iya tambayarta komai ba.

Laraba, bayan la'asar

Umma tana guga a tsakar gida. Ba farar riga ba, atamfarta mai ruwan goro ta zuwa suna. Ba ta dube ni ba ta ce, "Gobe zan shigo makarantarku. Wata yarinya ta kai ƙarata. Ni Adama, shekaru nawa ina karɓar haihuwa, yau ni za a zaunar a koya wa magana."

Ga ƙofa an buɗe mini. Na ce, "Umma..."

Ta ce, "Mene ne?"

Na ce, "In kawo miki gawayi?"

Zan tare Dokta a bakin ƙofa gobe tun kafin kowa ya zo. Ko in ce ba ni da lafiya.

Alhamis, 16 ga Mayu, da yamma

Ba a yi zaman ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban je makaranta ba. Ban fita tsakar gida ba sai da na ji Umma ta tafi.

Asabar, 18 ga Mayu, da azahar, Baure

Na gudo wurin Inna. Na ce mata hutu ne. Ta dube ni ta ce hutun da ba jaka, sannan ta ba ni gyaɗa in ɓare. A nan zan iya rubutawa.

Na je da wuri ranar Alhamis. Dokta bai iso ba, Hafizu ya buɗe ɗakin, muka jera kujeru yadda aka koya mana: babu tebur a tsakani, babu wadda ta fi wata tsawo, ruwa a gefen kowa. Raihana ta riga kowa zuwa, ta ɗaga mini hannu. Dokta ya shigo yana waya. Na miƙe, na ce, "Dokta, ina da magana." Ya ce, "Bayan zama, Siddiƙa." Da na ce a'a, yanzu, da ya tsaya. Na san da ya tsaya. Na koma na zauna.

Sai Umma ta yi sallama.

Ta gaisa da Dokta, ta zauna, ta gyara mayafi. Ta juya ta ga ɗaliban da aka ce za su koya. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba fushi ba ne. Kamar wadda aka buɗe wa ƙofar banɗaki.

Dokta ya fara bayanin sirri da amana. Ta ɗaga hannu ta ce, "Dakata, Dokta. Waccan da ke zaune, ni na haife ta."

Matar da ko a gaban Inna ba ta taɓa cewa ni 'yarta ce ba.

Raihana ta dube ni, ta dubi Umma, ta sake dubana. Ta ce, a hankali, "Shekaranjiya tana gidanmu. Na gaya mata komai." Ta ɗauki jakarta. Dokta yana kiranta, "Malama Raihana, don Allah," ba ta waiwayo ba. Umma ma ta tashi. Ta wuce ta gabana, gefen mayafinta ya taɓa gwiwata.

Hafizu ya yi ta kallon robar ruwan da ba wanda ya buɗe.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan la'asar, Baure

Na gaya wa Inna. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Uwarki tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ba. In ta share tsakar gida kaza ta taka, sai ta yi kuka." Ta ajiye carbin. "Amma ita yarinyar mutane fa, me ta yi miki?"

Ta ce gobe in hau motar farko.

Litinin, 20 ga Mayu, da azahar

Na fi so Dokta ya yi mini faɗa. Bai yi ba. Ya rufe ƙofar ofis rabi, ya ce in zauna.

Ya ce, "Ba ke kika yi wa Raihana tsawa ba, wannan ba kayanki ba ne, kada ki ɗauka. Naki daban ne. Watanni ta yi tana tara ƙarfin zuciyar da za ta zauna a ɗakin nan. Yanzu tana ganin tarko aka ɗana mata, ta ce ba za ta sake zama ba. Ita ma mahaifiyarki tana da haƙƙin a saurare ta ba a gaban 'yarta ba. Kin hana su duka biyun."

Na ce, "Haka ne, Dokta."

Ya ce shi ma da nasa. Ya kamata ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya, ya kuma gaya wa matan sunayenmu tun kafin ranar. Ya ce daga yau haka zai riƙa yi, kuma ya ba mai asibitin haƙuri. Aikin gwaji na wannan zangon na faɗi, sai baɗi. Ya tambaye ni, "Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Kunya."

Ya ce, "To, yanzu ta ragu?"

A aji na zauna a baya. Ba wanda ya ce mini komai. Sun sani. Sadiya ta koma layin gaba.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan magariba

Ana ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki, a rufe. Ina gaishe da Umma, tana amsawa. Shi ke nan.

Yau tana alwala ta ce, ba da ni take ba, da buta take, "An rasa wanda zai zo kallon ana tuhumata sai na cikina."

Alhamis, 23 ga Mayu, da la'asar

Na je bayan Kusugu. Sau biyu ina wuce ƙofar gidan kafin in yi sallama. Sadiya ta fito zaure, ba ta ce in shiga ba.

Ta ce, "Me da me kika kai mata?"

Na ce, "Wallahi tallahi ko kalma ɗaya."

"Kin sa na yi kuka a gaban aji da maganar uwarki. Na tambaye ki, kika ce ina za ki san ta."

"Na ce."

"Yayata ba ta je aiki ba tun ranar. Ko kin sani?"

Ban sani ba. Duk abin da aka koya mana, yadda ake maimaita wa mutum maganarsa don ya san an ji shi, yadda ake sassauta murya, babu wanda ya zo mini. Tsayawa kawai na yi. Sai Raihana ta ɗaga labule, ashe tana ji. Na durƙusa na ce, "Yaya Raihana, ba turo ni aka yi ba. Umma ba ta san ina ɗakin ba, Dokta bai san 'yarta ba ce ni. Ni kaɗai na sani. Ba na cewa ki yafe mini. Ina roƙonki kada ki bar zaman nan saboda ni."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Lokacin da nake ba ki labari, me kike ji?"

Na ce, "Na san gaskiya kike faɗa."

Ta saki labulen. Sadiya ta ce in gaida gida, ta gane abin da ta faɗa, ta juya da sauri.

Asabar, 25 ga Mayu, da safe

Hadari ya haɗu jiya har ana kwashe shanya, ya watse ba ko ɗigo.

Litinin, 27 ga Mayu, da azahar

Darasin yau a kan wanda ake ƙara ne. Dokta ya ce da yawansu ba sa kwana da niyyar cutar da kowa, suna ganin aikin suke karewa, kuma wannan ba ya rage wa wanda aka taka zafi. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na gode masa da hakan.

Da aka tashi Hafizu ya raɗa mini cewa Raihana ta kira Dokta. Za a zauna ranar Alhamis, su uku kawai.

Ban gaya wa kowa ba na yi azumi. Ban ma san me nake roƙo ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan magariba

Umma ta dawo ana kiran la'asar. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna a kan tabarmar tsakar gida da mayafinta, da jakarta a cinya. Ina tsince shinkafa a bakin madafa, na rasa ko in tashi ko in zauna.

Ta ce, "Ke, zo nan."

Na zo na tsuguna nesa kaɗan.

Ta ce yarinyar za ta koma aiki ranar Litinin, amma ɗakin yara, ƙarƙashin wata. Ita ta zaɓa. An rubuta cewa gyara a ofis za a riƙa yi, ba a gaban masu jinya ba, kuma jadawalin duti zai riƙa fita tun farkon mako. Ta ce, "Maganar ɗanta na ba ta haƙuri. Wannan ban kyauta ba. Sauran kuwa na ce aiki ne, rai ake riƙewa a wurin nan." Ta gyara mayafi. "Malaminku bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Cewa ya yi in saurara har ta gama. Ban taɓa jin muryarta ta yi tsawo haka ba."

Ta buɗe jakar, ta rufe.

"Ta ce in ta ji takuna a baranda, sai ta shiga banɗaki ta tsaya har in wuce." Ta kalli bango. "Ban sani ba." Can kuma ta ce, "A'a. Na ga tana yi."

Na ci gaba da juya shinkafar da na riga na tsince.

Sai ta ce, "Ke ma haka kike jin takuna a gidan nan?"

Na so in ce a'a. Ya zo har bakina, da sauƙinsa, irin na kwanakin nan duka. Na ɗago na dube ta, abin da ban saba ba. Idanunta sun yi ja.

Na ce, "Wani lokaci, Umma."

Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa. Ta matsa gefe ɗaya a kan tabarmar, ta bar wuri, ta miƙo hannu ta ce in kawo tiren mu ƙarasa.